Rabaran Robert Hawker Na Morwenstow, Wanda Ya Kira Sujadar Godiyar Kaka Ta 1843

Ga shi kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, dawa ta kusa yanka, kuma a yawancin Ikkilisiyoyinmu an riga an naɗa kwamitin Godiyar Kaka da na kasuwar da ke biye da ita, wadda mutanen birni suke kira baza. An raba ambulan gida gida, Zumuntar Mata ta san abin da za ta dafa, 'yan Birged sun san inda za su aro benci da rumfa, dattawa kuma suna ta shawarar wanda za a gayyato ya shugabanci taro. Da yake haka ne, muka ga ya dace a wannan fili namu na tarihin bayin Allah mu kawo muku labarin mutumin da aka fi danganta wa farkon wannan sujada a kamannin da muka gaje ta. Sunansa Robert Stephen Hawker, fasto ne na Ikkilisiyar Angilikan a wani ƙauye na bakin teku a ƙasar Ingila, inda ya yi sama da shekara 40. Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, ya kuma mutu da bashi a wuyansa.

An haife shi ran 3 ga Disamba 1803 a garin Plymouth, a kudu maso yammacin Ingila. Kakansa, Robert Hawker, sanannen mai wa'azi ne a garin. Mahaifinsa kuwa likita ne da farko, daga baya ya bar aikin asibiti ya shiga aikin Ikkilisiya, abin da ya sa kuɗi suka yi ƙaranci a gidan da ke da 'ya'ya da yawa. Yaron ya tashi da kaifin basira da son tsokana. A 1823 ya shiga jami'ar Oxford, kuma a wannan shekara, yana da shekara 19, ya auri wata mata mai suna Charlotte I'ans wadda take da shekara 41. Mutane sun yi ta surutu, wasu suka ce gādonta ya aura domin ya biya kuɗin makaranta. Gaskiya ne dukiyarta ta taimaka masa ya gama karatu, amma sun zauna tare kusan shekara 40 cikin ƙauna, har ya zama shi ne idonta lokacin da ta tsufa ganinta ya tafi. A jami'a ya ci kyautar rubuta waƙa a 1827. Tun kafin nan ya riga ya buga wata waƙa ba tare da sa sunansa ba, har manyan masana suka ɗauka tsohuwar waƙar gargajiya ce. Mutanen yankin Cornwall suna rera ta har yau kamar taken ƙasarsu. An naɗa shi fasto a 1831, sa'an nan a 1834 Bishop Henry Phillpotts na Exeter ya ba shi Ikkilisiyar Morwenstow.

Ba wurin da ake rububin zuwa ba ne. Morwenstow tana can ƙarshen arewacin Cornwall, a kan duwatsu masu tsawon ƙafa 400 da ɗoriya waɗanda suka miƙe tsaye daga cikin tekun Atlantika. Mutanen yankin kimanin dubu ɗaya ne, a warwatse cikin gonaki da ƙananan unguwanni. An daɗe ƙwarai ba a sami faston da ya zauna a cikinsu ba, gidan fasto ma ya zama kango. Da yawa daga cikin jama'a sun koma wurin Metodis da wani reshe nasu da ya tashi a wannan yanki a 1815, wasu kuma suna taɓa fasa-ƙwauri, ko su jira jirgi ya farfashe a kan duwatsu su kwashi abin da teku ta watso. Sau da dama sabon faston yakan yi addu'ar safe da ta yamma a majami'a daga shi sai matarsa.

Talaucin wurin yana da dalilai. Yawancin maza 'yan ƙodago ne a gonakin wasu, ladansu na mako bai kai sule 10 ba, kuma da shi za a ciyar da gida duka. Tun daga 1815 akwai dokar da ta tsananta haraji a kan hatsin da ake shigowa da shi daga waje domin a kāre masu manyan gonaki, sai burodi ya yi tsada a bakin talaka. Ba a soke ta ba sai 1846. A shekarar da Hawker ya sami Morwenstow kuma aka yi sabuwar dokar matalauta ta 1834, wadda manufarta ita ce mai lafiyar jiki da ya rasa abinci kada a ba shi taimako a gidansa, sai dai ya shiga gidan matalauta na hukuma. A can ana raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya. Hawker ya ƙi jinin wannan doka iyakar ransa, ya kuma yi ta faɗin haka a fili.

Kuɗin da yake samu a shekara ya kai misalin fam ɗaya kowace rana, wanda a zamanin ba ƙaramin abu ba ne ga faston ƙauye. Amma hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Ya gina sabon gidan fasto a 1837, ya sa aka yi bututun hayaƙin gidan da siffar hasumiyoyin majami'un da ya taɓa zama kusa da su. Ya tsaya aka gina gada a kan wani rafi mai haɗari a kwarin Coombe, inda Sarki William na Huɗu ya ba da gudummawar fam 20. Ya gina makaranta a tsakiyar yankin domin 'ya'yan 'yan ƙodago, kuma yawancin nauyin tafiyar da ita a kansa ya zauna shekara da shekaru. An ba da labari cewa idan sanyi ya tsananta da dare yakan tashi ya kwashi barguna da abinci ya bi gidajen da ya san ba su da wuta.

Wanda ya gan shi a hanya ba zai ce fasto ne ba. Ba ya son baƙaƙen tufafin da limamai ke sawa. Yakan sa rigar sanyi irin ta masunta, da doguwar kwat mai launin jan garura, da manyan takalman shiga ruwa, wani lokaci ya yafa rawayan bargo da aka huda wa rami a tsakiya. Kyanwoyinsa sukan bi shi har cikin majami'a. Akwai labarai da yawa a kansa, irin su cewa ya taɓa fitar da kyanwa daga Ikkilisiya domin ta kama ɓera ran Lahadi, amma sai a yi hattara da su, gama Sabine Baring-Gould, wanda ya rubuta tarihinsa a 1876, ya ƙara gishiri da yawa, shi kansa Hawker ma gwanin ƙara gishiri ne. Surukinsa C. E. Byles ne ya tattara wasiƙunsa ya fito da tarihi mafi inganci a 1905.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne binne mutanen da teku ta kashe. Gaɓar Morwenstow tana cikin mafi muni a ƙasar ga jiragen da iska ke turawa. A dā idan igiyar ruwa ta watso gawa, a nan bakin yashi ake tona rami a tura ta, ba likkafani ba addu'a. Wata doka ta 1808 ta hana wannan, ta ce a kai irin waɗannan gawawwaki maƙabartar majami'a, ta kuma yanka sule 5 ga wanda ya kawo labarin gawa. Amma doka ba ta sauka gangaren dutse da kanta. Dole wani ya bi siririyar hanya zuwa ƙasa, ya nemo gawa tsakanin duwatsu, sau da yawa bayan ta yi kwanaki a ruwa, wani lokaci ma hannu kaɗai ko ƙafa za a samu, sa'an nan a ɗauko ta a kan katako a hau da ita tsawon ƙafa ɗari huɗu. Hawker ne yake shiga gaba, 'yan ƙodagon ƙauyen suna biye. Aikin yana da ƙyama da ban tsoro, har yakan ba mazan ɗan abin sha mai ƙarfi kafin su iya taɓa abin da suka tarar. Akwai ɗan ɗaki a bakin ƙofar maƙabarta inda ake ajiye gawa kafin a haɗa akwati. Kafin ya mutu ya binne ma'aikatan jirgi fiye da 40, yawancinsu ba wanda ya san sunansu, balle ƙasarsu ko ɗarikarsu.

Wanda aka fi tunawa shi ne jirgin Caledonia, na garin Arbroath a Sikotilan. A watan Satumba 1842 yana dawowa daga Odesa a bakin Bahar Aswad, maƙare da alkama, hadari ya buga shi a kan duwatsun Morwenstow cikin dare. Mutum ɗaya ne kaɗai ya tsira, wani mutumin tsibirin Jersey, wanda aka kai gidan fasto aka yi jinyarsa makonni har ya warke. Kyaftin da sauran waɗanda aka samu an binne su a maƙabartar majami'a, aka kafa farin mutum-mutumin katako na goshin jirgin a kan kabarinsu. Yanzu an shigar da na ainihin cikin majami'a domin kada ruwa ya cinye shi, an kafa kwafinsa a waje. Mu lura da lokacin: tsakiyar girbi ne, kuma mazan da suka yi ta sauka gangaren nan su ne masu yankan alkamar wasu a kan ladan da ba ya isarsu. Sunan fasto ne ya shiga littattafai, amma shi kaɗai ba zai iya hawa da gawa ko ɗaya ba.

Shekara guda bayan wannan, ran 13 ga Satumba 1843, Hawker ya fitar da sanarwa ga jama'arsa. Ya tuna musu cewa Allah ya cika rumbunansu a wannan shekara, ya kira su su taru a majami'a ran Lahadi ta farko ta watan gobe domin su yi godiya, ya kuma ce za a ci Jibin Ubangiji da gurasar da aka yi da sabuwar alkama ta gonakinsu. Aka yi sujadar ran 1 ga Oktoba 1843. Abin da ya kira su yi ke nan, sanarwar ba ta ambaci ciniki ko tara kuɗi ba. Kafin wannan lokaci, abin da aka sani a ƙauyukan Ingila idan an gama girbi shi ne liyafar da mai gona ke yi wa ma'aikatansa a rumbu, da nama da giya mai yawa, wadda takan ƙare da maye. Mai gona ne mai bayarwa a wurin, ɗan ƙodago kuma mai karɓa da godiya. A sujadar Hawker kuwa, mai gona da wanda ya yanka masa alkama suka durƙusa a layi ɗaya, suka karɓi gutsure daga gurasa ɗaya, wadda gumin ɗayansu da ƙasar ɗayansu suka haɗu suka fitar, kuma dukansu biyu masu karɓa ne.

Kada mu ba shi abin da ba nasa ba. Godiya domin amfanin gona ta girme shi nesa. A Littafin Firistoci sura 23 an umarci Isra'ilawa su kawo damin nunan fari wurin firist, kuma a cikin surar nan ce aka hana su girbe gefen gona ko su koma kala, domin a bar wa matalauci da baƙo. Kiristocin Ingila na zamanin dā suna da ranar 1 ga Agusta da suke kawo gurasar sabon hatsi majami'a, amma al'adar ta mutu ƙarnuka kafin Hawker. Akwai kuma wasu fastoci na zamaninsa, kamar George Denison na East Brent, da suka fara irin wannan biki a nasu wuraren. Abin da ya tabbata shi ne, daga shekarun 1840 al'adar ta bazu cikin sauri, aka fara yi wa majami'u ado da damman hatsi da kayan lambu waɗanda daga baya ake raba wa matalauta da asibitoci, har a 1862 majalisar limaman lardin Canterbury ta fitar da tsarin addu'a domin ranar.

Wajen tara kuɗi kuwa, hanyarsa dabam ce. A zamaninsa yawancin majami'un Angilikan ba sa karɓar baiko kowace Lahadi, sai ranar da ake cin Jibi, sau kaɗan a shekara. Hawker ya dawo da baikon mako mako kamar yadda littafin addu'a ya tanada, yana raba abin da aka samu ga 'yan ƙodago masu iyali da yawa, domin kada yunwa ta kora su gidan matalauta. Mu da muka tashi muka tarar ana zagawa da kwanon baiko kowace Lahadi za mu yi mamakin jin cewa wannan ya jawo masa faɗa. A 1844 John Walter, mai jaridar The Times ta Landan, ya kai masa hari, gama mutane da yawa a lokacin suna ganin baikon mako mako wata hanya ce ta komar da Ikkilisiya ga al'adun Roma. Faston ƙauye ya mayar masa da amsa a rubuce, bai kuwa daina ba.

To, ina baza ta fito? Ita tata hanyar dabam ce. Kalmar asalinta daga Farisa take, ma'anarta kasuwa. Tun daga shekarun 1820 matan Ingila masu hali suka fara shirya kasuwar kwana ɗaya ko biyu, su ɗinka kaya da hannunsu, su tsaya da kansu su sayar, a ba da ribar ga marayu ko makaranta ko ginin majami'a. Abin ya girma ƙwarai: a 1845 masu yaƙi da dokar hatsin nan da muka ambata sun yi wata babbar baza a Landan wadda ta tara kusan fam 25,000. Tun a lokacin akwai masu wa'azi da suke sukar abin, suna cewa nuna ado ne da sunan sadaka. Duk da haka, ɗinkin da matan Ikkilisiya suka yi ta sayarwa a ƙananan garuruwa ya shiga cikin kuɗin da ya riƙe ƙungiyoyin mishan da yawa, har da waɗanda suka zo ƙasarmu. Matan nan ba su san Zariya ko Wase ba, yawancinsu kuma ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

A watan da Caledonia ya farfashe, wato Satumba 1842, Thomas Birch Freeman na Metodis ya sauka Badagiri, Henry Townsend na C.M.S. ya biyo shi a Disamba. Ikkilisiyoyin da suka tsiro daga wannan aiki sun karɓi Godiyar Kaka hannu biyu, da yake mutanen ƙasar sun riga sun saba da bikin sabuwar doya da makamantansa. A Arewa, S.I.M. ta kafa tasha a Patigi a 1902, S.U.M. ta sauka Wase a 1904, Dokta Walter Miller na C.M.S. ya zauna Zariya a 1905, kafin a koma Wusasa a 1929. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa Kirista daga Kudu suka cika Sabon Gari, suka zo da irin nasu tsarin. A ƙasarmu ne abubuwan nan biyu suka haɗu suka zama rana ɗaya: da safe a kawo doya da masara da kaji da awaki gaban bagadi da rawa, da rana a fito da su waje a yi gwanjo. A ƙauyukanmu kuma manomi yakan kawo damin dawa ko buhun gyaɗa, a ajiye wani domin cin mai bishara, a sayar da saura.

Ba mu cikin masu cewa a daina. Mun san majami'u da yawa da kuɗin baza ne ya ɗora musu kwano, da gidajen fastoci da ɗakunan shan magani da ba za su tsaya ba in ba da shi ba. Ikkilisiyar da mutanenta manoma ne, a kaka take da abin bayarwa, kuma doya ba ta biyan kuɗin siminti sai an mai da ita kuɗi. Amma mun ga wasu abubuwa da idonmu. Mun taɓa zama a wani taro inda wata gwauruwa ta kawo mudu ɗaya na gyaɗa, mai gwanjo ya ɗaga shi ya yi ba'a jama'a suka yi dariya, sa'an nan aka shafe rabin sa'a ana yi wa wani baƙo kirari domin ya yi alkawarin kuɗi masu yawa a kan akuya ɗaya. Har aka yi Godiyar shekara ta gaba ma'aji bai ga ko kwabo na alkawarin ba. A wurin nan kuma, matan da suka tashi tun asuba suna suyar ƙosai da masa, suka dama kunu da zoɓo da kayan da suka saya da kuɗinsu, da samarin da suka kwana suna kafa rumfa suka kuma tsaya bayan kowa ya watse suna mayar da benci, ba wanda ya ambace su a jawabin godiya. Su ne suka yi daidai da mazan Morwenstow masu sauka gangare. Muna roƙon kwamitocin bana su duba abu biyu: a karanta wa jama'a lissafin abin da aka samu da inda ya tafi, a kuma ware kaso domin gwauraye da marayu da marasa lafiya na cikin Ikkilisiya kafin a taɓa kuɗin gini, gama gefen gonar nan na Littafin Firistoci ba a ce sai an gama rufin majami'a za a bar shi ba.

Shi ma Hawker ba abin koyi ba ne a kowane fanni, kuma wanda aka ba ajiyar kuɗin Ikkilisiya ya kamata ya ji wannan sashe. Yana bayarwa ba lissafi, yana gini ba tare da ya san inda kuɗin zai fito ba. Da rufin majami'a ya lalace, ya nace sai an rufe shi da faifan katako irin na zamanin dā maimakon dutsen rufi da aka saba da shi a yankin, aka kashe kuɗi mai yawa, rufin kuma bai daɗe ba ya fara yoyo. Dukiyar Charlotte ta ƙare a cikin waɗannan ayyuka, bashi ya yi ta hawa, wasiƙunsa na shekarun baya cike suke da kukan masu binsa kuɗi. Bakinsa kuma yana da zafi a kan Metodis, yakan faɗi maganganu masu ɗaci game da John Wesley da mabiyansa, ko da yake idan ɗan Metodis ya kwanta ciwo ko ya rasa abinci ba ya tambayar inda yake sujada kafin ya taimaka. Wannan zafin baki yana cikin abin da ya sa majami'arsa ba ta cika ba sai a ranaku irin na Godiyar Kaka.

Charlotte ta rasu a Fabrairu 1863, tana da shekara 80 da 'yan kai. Mutuwarta ta girgiza shi ƙwarai. Ya riga ya saba da shan ofiyam, maganin rage zafi mai sa maye wanda a lokacin ake sayarwa a fili, kuma baƙin ciki da yawan gawawwakin da ya gani suka ƙara tura shi ciki. Yakan tafi wata 'yar bukka da ya gina a jikin dutse da katakon farfasassun jirage, ya zauna yana duban teku yana rubutu. A wannan lokaci ne ya rubuta waƙarsa mafi girma. Bukkar tana nan, ita ce gini mafi ƙanƙanta a hannun hukumar National Trust mai kula da wuraren tarihi. A Disamba 1864, yana da shekara 61, ya auri Pauline Kuczynski, 'yar shekara 20, wadda mahaifinta ɗan gudun hijira ne daga Poland. Allah ya ba su 'ya'ya mata 3. Ya yi murna da su matuƙa, amma tsoron abin da za su ci bayan ransa bai bar shi ya huta ba, gama gidan da ya gina na Ikkilisiya ne, kuma ba shi da abin da zai bar musu.

A 1875 jikinsa ya yi rauni, aka kai shi Plymouth wurin likita. A can ciwon ya kwantar da shi. Daren da zai mutu matarsa ta kira wani fada na Katolika, aka karɓe shi cikin Ikkilisiyar Roma, ya cika da safiyar 15 ga Agusta 1875, yana da shekara 71. Wannan ya tayar da gardama mai zafi a jaridu. Wasu suka ce ya daɗe da zama Katolika a zuciya yana cin albashin Angilikan, wasu suka ce hankalinsa ya riga ya gushe lokacin da aka yi abin, wasu kuma suka ce inda zuciyarsa ta daɗe tana karkata ke nan. Masu makoki sun sa tufafi masu launin shunayya maimakon baƙi, da yake bai taɓa son baƙin tufafi ba. An binne shi a maƙabartar Ford Park a Plymouth, garin da aka haife shi, nesa da Morwenstow inda Charlotte take kwance tare da ma'aikatan jirgi fiye da 40 da shi da 'yan ƙodagon ƙauyen suka hau da su daga bakin teku.